Takarda Ma Baƙuwa Ce In Ta Ƙetare Iyaka

Daga wakilinmu a Maraɗi

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko ta Mai'aduwa ranar Lahadi, ya san baƙo ba ya jawo sa ya shiga kara ya sayar haka kawai. Ko da san nasa ne halak malak, ko da a garkensa aka haife shi, babu mai ƙirga masa kuɗi sai in akwai dillalin da ya tsaya masa, shi ma dillalin sai wanda sarkin dillalai ya san da zamansa. Mai saye bai san baƙon ba, bai kuma damu da ya san shi ba. Dillali ya sani, domin in gobe aka zo cigiyar san nan, wuyan dillalin za a kama.

To haka takarda take, mai karatu. A garinku takardar haihuwarka ko ta rajistar kasuwancinka ƴar gida ce, kowa ya san hatimin magajin gari, kowa ya san sa hannun alƙali. Amma da zarar ta wuce Ɗan Isa ta shiga Jibiya, ko ta bar Ƙonni ta shiga Illela, balle a ce ta hau jirgi zuwa Dubai ko Gwanzu ta ƙasar Sin, to ta zama baƙuwa, sai ta sami mai tsaya mata. Ni kaina ban fahimci haka ba sai da abin ya ci mu a gida, duk da shekarun da na yi ina karanta sanarwowin hukuma a gidan rediyo.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, Allah ya jiƙansa da rahama, ya shafe fiye da shekara talatin yana kai wake da aya kasuwar Dawanau a Kano. Kamar yawancin ƴan kasuwarmu, rabin jarinsa yana can, a wani banki da ya buɗe asusu tun ina ɗan makaranta. Ya rasu bayan ƙaramar sallar 2023, ya bar mata biyu da ƴaƴa goma sha ɗaya, mafi yawansu ƙanana. Da aka yi sadakar arba'in dangi suka taru suka ce ni zan bi sawun kuɗin, tunda ni ne mai boko, kuma wai ɗan jarida ba a hana shi shiga ofis. Na karɓi takardar mutuwa a meri, muka yi zaman dangi aka kai gaban alƙali ya ba mu takardar da ta jera magada, na buga fotokopi, na sayi tambur, aka danna mani hatimi a kowane shafi. Na zuba su a jaka na hau mota, a zatona kwana biyu ya isa.

Ma'aikacin da ya karɓe ni a bankin mutumin kirki ne, ya ba ni kujera, ya yi mani ta'aziyya, sannan ya jujjuya takardun ya ajiye.

"Malam, mun san Alhaji sarai, Allah ya jiƙansa," in ji shi. "Amma wannan hatimin ban san shi ba, kuma ba ni da littafin da zan duba in san shi. Ga takardun da Faransanci. Sannan sunan da ke nan ba shi ne ke cikin na'urarmu ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai mutum ɗaya ne, kai ma yanzu ka ce ka san shi."

Ya ce, "Ni na san shi. Lauyan banki da ke Legas bai san shi ba."

Ya rubuta mani a ƴar takarda abin da suke so: takardunmu su bi ta ma'aikatar harkokin waje a Yamai, su bi ta ofishin jakadancin Najeriya, a fassara su zuwa Ingilishi, a warware maganar suna, sannan mu nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga babbar kotun jihar. Na komo gida da niyyar in huta mako biyu in wuce Yamai. Ranar 26 ga Yulin 2023 aka yi juyin mulki, kwanaki kaɗan bayan haka aka rufe iyaka.

Hatimi biyu, suna ɗaya

Abin da ya ruɗe ni, kuma yake ruɗar mutane da yawa, shi ne kalmar nan da muke faɗi kullum, wato a je a yi legalize. Aiki biyu take ɗauke da su. Na farko shi ne wanda ake yi a meri ko a komisariya: ka kai asalin takarda da fotokopinta, a duba, a manna tambur, a rubuta cewa kofin ya yi daidai da asali. Wannan ya ishe ka a cikin ƙasa, ko neman aiki ne ko shigar da yaro makaranta. Na biyu kuwa shi ne na waje, kuma wani dogon zare ne da ke farawa daga ofishin da ya ba da takardar har zuwa ƙasar da za ta je. Ni na farkon na yi, na ɗauka na gama.

Ga yadda zaren yake. Magajin gari ko mataimakinsa ya sa hannu a takardar haihuwa, ko magatakardan kotu a takardar shari'a, ko noter a takardar wakilci. Ma'aikatar harkokin waje tana ajiye da samfurin sa hannu da hatimin irin waɗannan jami'ai, don haka ita ce ke dubawa ta ce lalle wannan hannun nasu ne. Ofishin jakadancin ƙasar da za ka je bai san magajin garin Madarunfa ko na Matamai ba, bai kuma da dalilin saninsu, amma ya san hannun jami'in ma'aikatar harkokin waje, sai ya buga nasa hatimi a kai. A can ƙasar kuwa ba su san kowa a Nijar ba sai jakadansu. Wasu ƙasashen ma ba su tsaya nan ba: a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, bayan hatimin ofishin jakadancinsu, sai ka sake kai takardar ma'aikatar harkokin wajensu in ka sauka, ta buga nata.

A lura da kyau, domin a nan gizo ke saƙar. Babu ɗaya daga cikin waɗannan hatimai da ke cewa abin da aka rubuta a takardar gaskiya ne. Kowane hatimi hannun da ke ƙasa da shi kawai yake shaida. Shi ya sa ba a tsallake mataki: in ka ɗauki takarda daga meri ka nufi ofishin jakadanci kai tsaye, za a maido ka, ba don ƙeta ba, don babu hannun da suka sani a kanta. Shi ya sa kuma in kuskure yana cikin takardar tun daga tushe, ko hatimi goma aka jera mata kuskuren yana nan daram, ka dai ƙara masa tsada.

A ɓangaren Najeriya ma tsarin bai bambanta ba. Takarda tana bi ta ma'aikatar harkokin waje a Abuja kafin ta je ofishin jakadancin ƙasar da ake nufa. In ta makaranta ce, sai ta fara bi ta ma'aikatar ilimi ta tarayya. In ta kamfani ce, sai a nemi kofin da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ta tabbatar da kanta. Ɗan Nijar da ke da takardar Najeriya da yake son amfani da ita a gida, ko ta aure ce ko ta haihuwar yaron da aka haifa a Kano, yana da ofishin jakadancinmu a Abuja, akwai kuma ƙaramin ofishinmu a Kano inda ya kamata ya fara tambaya kafin ya kashe kuɗin mota.

Abin da ke ci mani rai a nan shi ne nisan. Mutumin Ɗan Isa da ke son takardarsa ta yi aiki a Katsina, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, dole ya juya ma Katsina baya ya nufi Yamai, kilomita kusan 700, ya kwana a tasha ko gidan ɗan'uwa, ya jira, ya komo. Na Damagaram tafiyarsa ta kusa kilomita 900. Ƙasashen nan biyu suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, mai mazauni a Yamai, an kuma aza tubalin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a 2021, amma har yau takardar magada sai ta zaga manyan birane kafin ta tsallaka abin da ɗan kabu-kabu ke tsallakawa sau goma a yini. A ganina ofishi ɗaya a Maraɗi da ɗaya a Damagaram, masu ikon buga hatimin ma'aikatar, da sun rage ma talaka rabin wahala.

Maganar suna

Mu komo kan abin da ya fi ɗaukar mu lokaci, wanda kuma na tabbata yana kwance a aljihun da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi. Mu mutanen bakin iyaka sunanmu ɗaya a baki, biyu a rubuce. Wanda aka rubuta Oumarou a meri, a bankin Katsina Umaru ne ko Umar. Issoufou ya koma Yusuf, Mahamadou ya koma Muhammadu, Chaibou ya koma Shu'aibu, Laouali ya koma Lawal, Zeinabou ta koma Zainab. Wani kuma a can an ƙara masa sunan gari ko na sana'a, ko an sa Alhaji a matsayin suna, ko an juya sunan uba ya zo gaba. Da can babu mai damuwa, manajan banki ya san fuskarka. Tun da aka shigo da lambar BVN a 2014, daga baya kuma aka matsa kan lambar ɗan ƙasa ta NIN, na'ura ce ke dubawa, ita kuwa na'ura harafi take ƙirgawa.

Sai ranar haihuwa. Yawancin iyayenmu da mu kanmu ba a yi mana rajista da aka haife mu ba, daga baya aka je kotu da shaidu biyu aka yi jujman, aka rubuta an haife ka wajen shekara kaza. Da aka zo yin fasfo, sai aka cike gurbin da 1 ga Janairu. A Najeriya kuma wanda ya girma ba shi da takarda yakan yi rantsuwar shekaru a kotu ya kai hukumar ƙidaya ta ba shi shaida, kuma sau da yawa shekarar da ta zo masa a baki ranar nan ita ya faɗa. Kawuna tsakanin takardarsa ta gida da ta banki akwai shekara huɗu. Mutum ɗaya, mai gemu ɗaya, amma a rubuce wa da ƙane.

Gyaran yana da hanya, sai dai ba a bakin tagar ofishin jakadanci ake yin sa ba. In kuskuren yana cikin takardar haihuwa ta Nijar, kotu ce ke ba da umarnin gyara, meri ta gyara a littafinta, ta ba ka sabon kofi. In kuwa bambancin rubutu ne tsakanin takardun ƙasashen biyu, a Najeriya ana yin rantsuwa a kotu cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne, wani lokaci a haɗa da sanarwa a jarida. Mai rai zai iya yin wannan da kansa cikin kwanaki. In ya mutu, magadansa ne za su yi ta neman dattawan da suka san shi a ɓangarorin biyu su zo su yi shaida, mu sai da muka ɗauko mai masaukinsa na Dawanau, tsoho mai ciwon ƙafa, muka kai shi kotu. Shawarata ga duk mai asusu a ƙetare ita ce ya fito da katinsa da fasfonsa da takardar bankinsa yau da dare, ya sa yaron da ya iya karatu ya gwada su harafi da harafi. Wanda zai sabunta fasfo ya karanta abin da aka rubuta kafin ya bar wurin.

Wasu suna ɓoye takardar wancan ɓangaren don tsoro. Ya kamata a sani cewa tun 2014 dokar Nijar ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu. Abin da doka ba ta yarda da shi ba, a nan da can, shi ne a haife ka a Tibiri a wannan takarda, a sake haifar ka a Daura a waccan.

Ga na baya kuwa sauƙi ya samu. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a kai rahoton haihuwa, aure ko mutuwa a cibiyar rajista. Wanda ya yi cikin wa'adi ya huta da shiga kotu. Maganar aure ma kada a yi wasa da ita. Ɗaurin aure a masallaci da goro da shaidu ya halatta mace ga mijinta, amma ba ya ba ta izinin zama a Jidda ko Dubai. Ɗan kasuwar da ke son ɗaukar iyalinsa sai ya kawo takardar aure ta meri, ita ma ta bi zaren nan duka, haka takardar haihuwar kowane yaro.

Akwai wata kalma da ta fara yawo a bakin masu zuwa Sin da Turkiyya, wato apostil. Kusan duk lokacin da muka buɗe layi a shirin kasuwa sai wani ya tambaya. Asalinta wata yarjejeniya ce da aka ƙulla a birnin La Haye na ƙasar Holan ranar 5 ga Oktoban 1961, inda ƙasashen da suka shiga suka yarda a daina bi ta ofishin jakadanci: hukuma ɗaya a ƙasar da ta ba da takarda ta manna shaida guda, sauran ƙasashen su karɓa. Yau ƙasashe fiye da 120 ke ciki. Faransa da Turkiyya da Indiya sun daɗe, Maroko ta shiga a 2016, Saudiyya a Disamban 2022, Senegal a 2023, Sin kuma a Nuwamban 2023. Nijar ba ta ciki, Najeriya ba ta ciki, haka Gana da Kamaru da Cadi. Ita kuwa yarjejeniyar sai ƙasashen biyu duka suna ciki take aiki. Saboda haka in abokin cinikinka a Gwanzu ya ce ai yanzu apostil kawai ake yi, gaskiyarsa game da baƙinsa na Turai, amma takardarka ta Maraɗi tsohuwar hanya za ta bi, takardarsa ma in a Yamai za ta yi aiki sai ta ga hatimin ofishin jakadancinmu a Beijing. Duk wanda ya ce zai buga maka apostil a Yamai ko a Kano, kuɗinka yake so.

Takardun kasuwanci

Wanda zai buɗe kamfani ko reshe ko asusun kamfani a waje, abin da aka fi tambayarsa shi ne takardar rajistar kasuwanci ta RCCM, da lambar haraji ta NIF, da kundin kafa kamfani in kamfani ne, da fasfo. RCCM tsari ne na OHADA, ƙungiyar da aka kafa a 1993 mai ƙasashe 17, ciki har da Nijar, Benin, Togo, Cadi, Kamaru da Burkina Faso, don haka a Lome ko Njamena jami'i ya saba da kamannin takardar. Najeriya da Gana ba sa cikin OHADA. Ma'aikacin Kano bai taɓa jin RCCM ba, kamar yadda na Maraɗi bai san takardar CAC ba, kowanne sai an fassara masa an kuma tsaya ma takardar.

Masu fitar da riɗi da ƙaro da fatu da albasa sun san takardar asalin kaya da majalisar ƴan kasuwa ke bayarwa, da ta lafiyar tsirrai daga ma'aikatar noma. Abin da wasu ba su sani ba sai ya same su shi ne, akwai masu saye, musamman a ƙasashen Larabawa, da ke sa sharaɗin a buga ma takardar farashi da ta asalin kaya hatimin majalisar ƴan kasuwa sannan na ofishin jakadancinsu. In ta banki za a biya, banki takarda yake dubawa ba buhu ba, hatimi ɗaya ya ɓace sai ya riƙe kuɗin, kaya kuwa suna tashar jirgin ruwa kuɗin ajiya na hawa kowace rana. A karanta wannan sharaɗin tun kafin a ɗora kaya a mota. Ficewar Nijar daga CEDEAO a ranar 29 ga Janairun 2025 ma dalili ne na sake tambayar mai fiton kayanka a duwan wace takardar asali ake karɓa yanzu, ko da yake a lokacin ƙungiyar ta sanar cewa za ta ci gaba da karɓar fasfo da katin mutanenmu da kayanmu bisa tsohon tsari har sai an sake magana.

Sai takardar wakilci, wadda nake ganin ita ce mafi haɗari a cikinsu duka. Alhaji ba ya iya zuwa Dubai kowane wata, sai ya tura ƙane ko yaron shago. Baki ba ya isa a can, sai takardar da aka yi gaban noter, ta bi ma'aikatar harkokin waje da ofishin jakadanci. A Najeriya noter lauya ne da alƙalin alƙalan ƙasa ya naɗa, ba kowane mai baƙar riga ba. A rubuta sunan wakili kamar yadda yake a fasfonsa da lambar fasfon, a faɗi abin da aka wakilta shi a kai ƙarara, karɓar kwantena kaza ko sa hannu a hayar shago kaza, a sa ranar da wakilcin zai ƙare. Na san gidan da zumunci ya lalace saboda an ba yaro takardar da ta ce ya yi duk abin da ya ga ya dace, shi kuma ya ga ya dace ya sayar da shagon. A kuma sani cewa wakilci yana mutuwa tare da mai shi. Babban ɗan kawuna yana riƙe da katin cire kuɗin mahaifinsa, wasu suka ba shi shawara ya riƙa zara kaɗan-kaɗan kafin banki ya ji labari. Da ƙyar na hana shi, domin wannan laifi ne a doka, kuma cin haƙƙin marayu ne a addini.

Game da fassara, ba kowane malamin makaranta da ya iya harsuna biyu ake karɓar aikinsa ba, sai mai fassarar da hukuma ta amince da shi, mai hatimin kansa. Wasu ƙasashen suna so a fassara tun a gida don hatimin ma'aikata ya hau kan fassarar ma, wasu kuma, kamar Sin, sun fi son a yi a can wurin kamfanin da suka sani. Wannan ya kawo ni ga abin da ya kamata in yi tun farko ban yi ba: a fara daga ƙarshe. A tambayi ofishin da zai karɓi takardar, banki ne ko kotu ko jami'a, me yake so, ya rubuta. Ba kowane ofishi ke neman zaren duka ba, wani fassara da hatimi ɗaya sun ishe shi, kuma babu amfanin zuwa Yamai don abin da ba a tambaye ka ba.

Kaziye, wato takardar da ke nuna ba a taɓa ɗaure ka ba, wata uku take yi ta mutu. Wanda ya fara da ita yakan tarar ta tsufa kafin sauran su kammala, don haka ita ce ta ƙarshe. Kada a manne asalin takarda cikin roba don gudun ruwa, hatimi ba ya kama roba, kuma ofisoshi da yawa ba sa karɓar wadda aka manne. In an haɗe shafuka da ƙarfe ko zare aka buga hatimi a mahaɗar, kada a ɓalle don yin fotokopi.

A ƙofar kowane irin wannan ofishi akwai masu zaman jira, masu jaka a hammata, da za su ce ka kawo dosiye ka koma masauki, gobe da safe an gama. Ba zan ce dukkansu ɓarayi ne ba, akwai waɗanda layi kawai suke bi maka su karɓi ladansu, kuma ga mutumin da ya bar rumfa a Ƙonni wannan taimako ne. Amma akwai masu hatimin da aka sassaƙa a bayan kasuwa. Ofisoshin jakadanci suna da samfurin hannun jami'an ma'aikata, suna kuma gwadawa. In aka kama, ba sunan mai jaka ke kan takardar ba, naka ne, kai za a hana biza, kai za a tuhuma da amfani da jabu. In ka wakilta wani, ka nemi rasit ɗin hukuma na kowane hatimi, ba na hannunsa ba.

Mu dai iyaka ta zauna a rufe har Maris na 2024. Cikin waɗannan watanni na je Yamai sau biyu, domin a karon farko an gano cewa takardar mutuwar da ta magadan ma ba su rubuta sunan kakanmu iri ɗaya ba, a ɗaya da harafi biyu a ɗaya da guda, sai da na komo kotun garinmu aka gyara. Da aka buɗe hanya muka shiga Kano, muka yi rantsuwar suna, muka jira kotu ta ba da izini, banki ya aika Legas. Kuɗin sun fito da damina ta 2024, babu ko kwabo da ya yi ciwon kai. Sai dai tun Yunin 2023 gwamnatin Najeriya ta saki naira, ta kuma sake faɗuwa a farkon 2024. Da muka kai su wurin mai canji a Maraɗi, sefar da ya ƙirga mana ta kusa rabin abin da za mu samu da a zuwana na farko aka biya. Amaryar kawuna ta karɓi rabonta da na ƴaƴanta huɗu, ta tambaye ni ko shi ke nan, na ce mata shi ke nan, Inna. Filin da ta yi niyyar saya musu a bayan gari wani ya riga ya kewaye shi da bulo.